Kafin a Biya Kuɗin Talla a Facebook, a Sayi Kaye da Bik

Talla tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan mota da radiyo akwai ƴar talla mai zagaya unguwa da faifai a ka, akwai sanƙira mai shela ranar kasuwa, akwai kuma dillali mai haɗa mai kaya da mai kuɗi. Zamani ya kawo wata hanya sabuwa, wato talla ta cikin wayar salula, a dandalin Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, teloli da masu kilishi, da masu sayar da atamfa, turare ko kayan gini, sun fara cire kuɗi daga jarinsu suna biyan waɗannan kamfanoni domin a nuna hajarsu ga jama'a. Waɗansu sun ga amfanin abin. Waɗansu kuwa sun yi wata da watanni suna zuba kuɗi, abin da suka samu kawai shi ne yabo da ɗaga babban yatsa, aljihu kuma sai raguwa yake yi.

Idan aka bincika abin da ya raba waɗannan da waɗancan, sai a tarar abu biyu ne: amsa wa mai tambaya da sauri, da rubuta lissafi. Girman jari da tsadar waya suna biyo baya. Saboda haka duk ɗan kasuwan da yake da niyyar sa kuɗinsa cikin wannan talla, ya kamata ya fara tanadin kaye da bik, da mutumin da zai zauna kan waya yana amsawa. Wanda bai tanadi waɗannan ba, gara ya riƙe kuɗinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Dillalin da yake karɓar la'ada kafin ciniki

Wajibi ne mai biyan kuɗi ya san wanda yake biya. An kafa Facebook a shekarar 2004 a jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka, inda Mark Zuckerberg da abokansa suke karatu. A 2007 kamfanin ya buɗe tsarinsa na talla, a 2012 ya sayi Instagram, a 2014 ya sayi WhatsApp a kan wajen dalar Amurka miliyar 19, wato miliyan dubu 19, sa'an nan a 2021 ya sauya suna ya koma Meta. A shekarar 2023 kuɗin da ya shiga hannunsa ya haura dalar Amurka miliyar 134, kuma fiye da miliyar 131 daga ciki kuɗin talla ne. Wannan ya nuna dalilin da ya sa shiga dandalin yake kyauta. Hajar kamfanin ita ce idon jama'a, mai talla kuma shi ne mai sayenta.

Yadda ake sayar da wannan haja kuwa gwanjo ne. Duk lokacin da mutum ya buɗe wayarsa, na'ura tana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu talla da suke son a nuna masa kayansu. Abu uku take dubawa: kuɗin da mai talla ya taya, da ƙiyasin da ta yi na ko mutumin zai aikata abin da ake nema gare shi, da kuma ingancin tallar kanta. Amfanin sanin haka biyu ne. Na farko, ƙaramin ɗan kasuwa mai talla mai kyau yana iya shan gaban attajiri mai talla maras kan gado. Na biyu, farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa duk lokacin da masu tayi suka yi yawa a kan mutane iri ɗaya, kamar yadda kuɗin rago yake hawa gabanin babbar salla.

A nan ne ya kamata a lura da babban bambanci. Dillalin kasuwar dabbobi ba ya ganin la'ada sai ciniki ya faɗa, mai kaya ya ce ya sallama. In an yini ba a saye ba, ya yi yinin banza tare da mai kaya. Wannan sabon dillali kuwa yana karɓar kuɗinsa tun daga nunawa, ko an saye ko ba a saye ba. Ba zalunci ya yi ba, tunda haka sharaɗin yake a rubuce. Amma nauyin mai da kallo ya zama ciniki ya rataya ɗungum a wuyan mai kaya.

Mutum huɗu na kasuwa

Kowane ɗan kasuwa ya san mutanen da suke zuwa gaban rumfa iri huɗu ne. Akwai mai kallo, wanda zai tsaya ya duba ya wuce. Akwai mai tambaya, wanda zai ce nawa ne. Akwai mai tayi, wanda ya riga ya sa rai, kuɗin ne kawai ba a daidaita ba. Sa'an nan akwai mai saye. Manufar talla a waya ita ce a fid da mai tambaya daga cikin taron masu kallo, a samu sunansa da lambar wayarsa, domin a ci gaba da magana da shi har ya zama mai saye.

Kamfanin ya tanadi hanyoyi musamman domin haka. A 2015 ya fito da talla mai ɗauke da ƴar takardar cikawa, wadda take ɗauko suna da lambar mutum daga abin da ya riga ya ba dandalin, sai ya amince kawai ya aika. A 2017 ya fito da talla mai maɓalli, wanda in an taɓa shi yake kai mutum kai tsaye ga hira da mai kaya a WhatsApp. A 2018 aka buɗe WhatsApp Business, mai ba ɗan kasuwa damar jera hajarsa da farashi, da sa saƙon maraba mai fita da kansa, da sa wa kowane mai tambaya alama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne wajen zaɓen manufa. Kafin talla ta fita, na'ura tana tambayar mai talla abin da yake so, kuma abin da ya ce shi za ta nemo masa. In ya ce yana son yabo da yawan masu kallo, za ta kai tallar ga mutanen da suka saba ɗaga yatsa ga duk abin da suka gani, ko da kuwa ba su da ko dala a aljihu. In ya ce yana son saƙo ko lambar waya, za ta nemo waɗanda suka saba aika saƙo. Mutane da yawa suna taɓa maɓallin ƙara wa sanarwa ƙarfi ba tare da sun duba wannan ba, sa'an nan su yi murna don mutum dubu goma sun ga hotonsu. Hausawa sun riga sun ce gani ba ci ba.

Mafi muni kuma shi ne sayen mabiya daga hannun masu sayar da su a ɓoye. Yawancinsu sunaye ne da babu mutum a bayansu. Kamfanin da kansa ya sanar cewa cikin watanni uku na farkon 2019 kaɗai ya rufe asusun ƙarya wajen miliyar 2 da miliyan 200. Wanda ya cika rumfarsa da irin waɗannan ya tara taron da ba ya saye, ba ya ko tayawa.

Wa ake kira, kuma da wane harshe

Mai talla yana da ikon zaɓen gari, da nisan kilomita daga shagonsa, da shekaru, da ko maza yake nema ko mata. Hankali shi ne ya tsaya inda kayansa suke iya kaiwa. Mai sayar da ƙanƙara ko abinci mai zafi a Tawa ba shi da abin nema a Yamai. Mai kilishi na Madawa ko baduku na Damagaram yana iya kiran mutanen Yamai da Agadas, tunda kayansa ba sa lalacewa a hanya kuma motocin fasinja suna ɗaukar saƙo kullum. Mai albasa na Galmi da mai aya na jihar Maraɗi kuwa ba taro suke bukata ba. Ƴan sari ƙalilan suke nema, masu ɗaukar buhu ɗari ko mota guda, har da na Kwatanu, Akara da Abijan, inda albasar Galmi ta daɗe da yin suna. Ga irin waɗannan, mai tambaya biyar na ƙwarai sun fi masu yabo dubu biyar.

Maganar harshe kuma babba ce. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma cikin waɗanda suka iya ɗin ma ba kowa yake sakewa da Faransanci ba. Takardar cikawa mai tambayoyi shida da Faransanci tana korar mai saye tun daga bakin ƙofa. Abin da ya dace da jama'ar ƙasar nan shi ne gajeren bidiyo, mai kaya yana magana da bakinsa cikin Hausa ko Zabarmanci, sa'an nan maɓalli mai kai mutum ga WhatsApp, inda zai iya aika murya maimakon rubutu. Tun 2016 Facebook ya sa Hausa cikin harsunan dandalinsa. Cibiyar ɗakunan manoma ta ƙasa, wato RECA, ta nuna cewa hanyar murya tana aiki, tunda tana amsa tambayoyin manoma ta waya da ta WhatsApp cikin harsunan gida.

Tallar kanta ba ta bukatar ƙawa mai yawa. Abu biyar suka wajaba a ciki: hoton kayan na gaskiya, da farashi, da inda shagon yake, da yadda kaya za su kai ga mai saye, da abu ɗaya tak da ake son mutum ya yi, wato ya aiko saƙo. Waɗansu suna ɓoye farashi da gangan domin a yi ta tambayarsu. Wannan dabara tana tara saƙonni, amma tana cinye yinin mai kaya wajen amsa wa mutanen da kuɗin ya fi ƙarfinsu. Faɗin farashi rariya ce, tana tace mai niyya daga mai wucewa.

Amsa da sauri

Mai tambaya a waya ba ya jira. Yana kwance ko yana cikin mota, ya ga talla, ransa ya biya, ya aika saƙo. Bayan minti goma wani abu ya ɗauke hankalinsa, ko kuwa ya ga tallar wani mai irin kayan. An gwada wannan da ƙididdiga. A 2011 mujallar Harvard Business Review ta buga binciken da aka yi kan kamfanoni 2241 na Amurka, inda aka aika wa kowanne tambaya irin ta mai son saye. Kashi 37 cikin 100 suka amsa cikin awa guda, kashi 23 kuwa ba su taɓa amsawa ba, kuma in an yi matsakaicin lissafin waɗanda suka amsa, sai da aka jira awa 42. Masu binciken sun kuma gano cewa wanda ya nemi mai tambaya cikin awa ta farko ya ninka wanda ya ƙara awa guda kusan sau 7 wajen samun magana mai ma'ana da shi, ya kuma ninka wanda ya jira kwana guda fiye da sau 60.

In manyan kamfanoni masu ma'aikata da kwamfuta suna yin wannan sakaci, to mai shago guda, wanda shi ne mai awo, shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne kuma mai zuwa sari, ya fi bukatar shiri. Babu ɗan kasuwan da zai biya sanƙira ya tara masa jama'a, sa'an nan ya kulle shago ya tafi ɗaurin aure. Amma haka wanda ya saki talla ya kashe waya yake yi. Maganin abin mai sauƙi ne. A ɗora wa mutum ɗaya aikin amsawa, ɗa ko ƙane ko yaron shago. A tanadi caji da kuɗin intanet kafin talla ta fita. A tsara tallar ta riƙa fita a lokutan da ake iya amsawa. A shirya amsar tambayoyin da aka saba yi, a rubuce da kuma ta murya. Wanda ya tambaya bai saye ba, a sake tuntuɓarsa sau ɗaya ko sau biyu cikin ladabi, in bai amsa ba a ƙyale shi, domin naci yana mai da mai tayi abokin gaba.

Abin da za a rubuta cikin kaye

A ja layi shida a kowane shafi: rana, sunan mai tambaya da lambarsa, garinsa, tallar da ta kawo shi, abin da ya nema, da yadda aka ƙare, wato ya saye ko bai saye ba, in ya saye nawa. A ƙarshen kowane mako a yi rabawa biyu. A raba kuɗin talla da yawan masu tambaya, sa'an nan a raba shi da yawan masu saye. Lamba ta biyu ita ce alƙali.

A ɗauka, bisa misali, wani tela ya sa jika 20 cikin talla gabanin ƙaramar salla, mutum 100 suka aiko saƙo. Ke nan kowane mai tambaya ya ci masa sefa 200, wato dala 40. Cikin ɗarin nan, 10 suka kawo ɗinki, kowane mai saye ya tashi a kan jika 2. In ribarsa a kowane ɗinki jika 3 ce, ya samu jika 30, ya fid da 20 na talla, saura 10 a hannunsa. In kuwa ribar jika 1 da rabi ce, ya samu 15 kawai, ya yi hasarar jika 5, alhali keken ɗinkinsa bai huta ba kuma kowa yana cewa kasuwa ta buɗe masa. A ɗauka kuma ya sake wata talla da jika 20, wannan karo ya faɗi kuɗin ɗinki da ranar karɓa. Mutum 40 kaɗai suka aiko saƙo, kowanne ya ci sefa 500, amma 16 suka kawo ɗinki, kowane mai saye ya tashi a kan sefa 1250. Wanda yake duba yawan saƙo zai ce ta farko ta fi. Wanda yake duba kaye ya san ta biyu ce mai riba.

Kaye yana kuma amsa wata tambaya mai muhimmanci: shin mutumin nan da talla ta kawo, da ma can zai zo ko babu talla? A 2012 kamfanin eBay na Amurka ya gwada dakatar da biyan tallar da take fitowa in an nemi sunansa a injunan bincike na intanet, sai aka tarar kusan dukan mutanen sun ci gaba da zuwa ta hanyar da ba a biya ba. Shekara da shekaru yana biyan kuɗi domin kiran mutanen da suka riga suka kamo hanyar gidansa. Ƙaramin ɗan kasuwa yana iya kauce wa wannan da tambaya ɗaya ga kowane mai saye: a ina aka ji labari?

Gwaji ma yana da ƙa'ida. A saki talla biyu a lokaci ɗaya da kuɗi daidai, a bambanta su da abu ɗaya kawai, ko hoto, ko magana, ko gari, domin a san abin da ya kawo bambancin. Kada a riƙa taɓa talla kowace safiya. Kamfanin ya bayyana cewa na'urarsa tana bukatar sakamako wajen 50 cikin mako guda kafin ta gane irin mutanen da suka dace, kuma duk babban gyara yana mai da ita farkon koyo. A fara da kuɗi kaɗan wanda hasararsa ba za ta taɓa jari ba, a ƙara a hankali ga wadda ta nuna riba, a tsai da wadda ba ta nuna ba.

Lambar waya amana ce

Wanda ya ba da lambarsa domin ya ji kuɗin atamfa bai ba da ita domin a jefa shi cikin rukunin hira da baƙi ɗari biyu ba, bai kuma ba da ita domin a sayar wa wani ba. Wannan ya fi tsanani ga mata, waɗanda lambarsu in ta fita hannu takan jawo musu kiran dare da fitina a gida. Duniya ta ga inda wasa da bayanan jama'a yake kaiwa a 2018, lokacin da aka gano kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane da aka ƙiyasta sun kai miliyan 87, abin da ya jawo hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala miliyar 5 a 2019. A Nijar ma an kafa doka kan kare bayanan mutane tun 2017, akwai kuma babbar hukuma mai kula da wannan aiki, wato HAPDP. Doka ta hau kan babban kamfani, ta hau kan mai shago.

Haka nan algus ya kasance algus ko a rumfa ko a waya. Mai ɗauko hoton kayan wani daga intanet ya aika da abin da bai kai shi ba, da mai karɓar kafin alƙalami ya ɓace, sun ɓata wa kowa kasuwa, domin mutumin da aka cuta sau ɗaya ba ya sake yarda da mai gaskiya ma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a waya kuwa ya fi ƙurewa, tunda hoton hira guda yana zagaya gari kafin la'asar.

Akwai wani dalilin da ya sa sunaye suka kamata su zauna a takarda. Dandalin ba mallakar ɗan kasuwa ba ne, rumfar haya ce. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke baki ɗaya na wajen awa 6 a duniya duka. A wannan shekara kuma kamfanin Apple ya sauya ƙa'idar bin sawun masu wayoyinsa, har Meta ya ce abin zai rage masa wajen dalar Amurka miliyar 10 a 2022. Ƙa'ida tana sauyawa ba tare da shawarar mai talla ba, ana rufe asusu, waya tana ɓata ko a sace ta. Kaye yana nan cikin akwati.

Abin da masu ja suke cewa

Waɗansu dattawa suna cewa alhazan Maraɗi sun tara dukiya da gyaɗa, fata da fatauci ba tare da wannan abu ba. Gaskiya ne. Amma abin da suka gina dukiyar a kai shi ne sanin abokin ciniki, da cika alkawari, da riƙe lissafin bashi, kuma su ne dai abubuwan da ake magana a kai a nan. Waɗansu kuma suna cewa masu intanet ƴan ƙalilan ne, yawancin jama'a suna karkara. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa tallar waya ba ta dace da kowace haja ba. Mai sayar da gero a kasuwar ƙauye, ranar kasuwa da radiyon gari sun ishe shi. Tallar waya ta fi amfani ga kayan da mutanen birni, ƴan sari da ƴan ci-rani suke nema.

Samari kuwa suna cewa kaye tsohon yayi ne, tunda na'ura tana nuna lissafi da kanta. Lalle tana nuna yawan waɗanda suka gani da waɗanda suka aiko saƙo. Amma ciniki a ƙasar nan yana ƙarewa ne a shago da kuɗi hannu, ko ta gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana, inda idon na'urar ba ya kaiwa. Ta san mai tambaya, ba ta san mai saye ba. Wanda ya fi son rubuta lissafinsa a kwamfuta ko a waya, babu laifi, muddin ana rubutawa kuma an ajiye kwafi.

Aikin da ya rage ga hukuma

Kuɗin talla ana biyansa da katin banki ga kamfanonin ƙetare, ke nan kowace jika da aka ɓarnatar ta bar ƙasa ba tare da ta kawo kome ba. Wannan ya sa maganar ta wuce aljihun mutum ɗaya. Ƴan kasuwa da yawa ba su da katin, sai su miƙa kuɗi ga wani saurayi ya saka musu tallar. Ya kamata su riƙa neman shaidar biya da rahoton sakamako, a kuma daidaita ladan aikin tun farko, zai fi kyau a ɗaura wani sashe nasa kan yawan masu saye, kamar la'adar dillali.

Tun 1963 Nijar take yaƙi da jahilci, kuma ɗaya daga cikin manufofin ita ce manomi ya iya karanta sikeli ranar awon gyaɗa, kada a cuce shi. Sikelin yau yana cikin waya. Ya dace cibiyoyin yaƙi da jahilci su sa darasin layi shida da rabawa biyu cikin karatun lissafi, tunda duk wanda ya gama ajin manya yana iya yinsa. Ya dace ɗakin ƴan kasuwa da masana'antu ya shirya horo cikin harsunan gida a manyan garuruwan jihohi, gidajen radiyo su bayyana haƙƙin mai ba da lambarsa, a kuma fassara dokar kare bayanai zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa. Ƙungiyoyin haɗin gwiwa na manoma, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun saba da ƙirga kuɗi a gaban kowa. Suna iya haɗa kuɗin talla ɗaya, su naɗa mai amsa waya ɗaya da mai riƙe kaye ɗaya, su raba hasara da riba.

Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya riƙe abin da wannan sana'a ta fi bukata, wato iya rubuta suna da lamba, da iya rabawa. Kaye da bik kuɗinsu bai kai na tallar yini ɗaya ba. Ɗan kasuwa ya saye su, ya ja layinsa shida, ya zaunar da mai amsawa, sa'an nan ya biya kuɗin talla, ya kuma duba lissafinsa kowace Juma'a kafin ya ƙara ko dala ɗaya.